Danshi a Siton Malam Sada

Shafi na 12

Masu ƙorafin cewa na bar Malam Sada tsaye a ƙofar sito tun ranar Talata, ku yi haƙuri. Mutumin da ya saba da layin tantance 'yan fansho, tsayuwar kwana huɗu ba ta yi masa komai ba.

*

Tamanin da huɗu.

Malam Sada ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake kallon wayar. Lambar ko kunyar furfurarsa ba ta ji ba. Danshi kashi tamanin da huɗu cikin ɗari, zafi digiri talatin da shida, a cikin siton da ya gina da bulo da siminti a tsakar gidansa. Ga shi ruwan sama ya ɗauke yau wata biyu, duk Funtuwa ta bushe, har kaushin ƙafarsa ya fara tsagewa.

Kuma yau Asabar. Yau bayan la'asar Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyar manoman unguwarsu, zai zo ya ga siton da idonsa, a yanke ko nan za a ajiye irin masarar ƙungiya, buhu sittin, har zuwa shuka.

Ba buhunan ne suka dami Malam Sada ba. Sunansa yake nema ya ƙwato.

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin malamin gona. Babu ƙauyen da baburinsa bai shiga ba tsakanin Malumfashi da Dandume, yana tara mutane a gindin bishiya yana koya musu adana hatsi. Bara, shekararsa ta farko da ritaya, buhu goma sha biyu na masararsa ta kansa suka yi fumfuna, kore shar, kamar an shuka ciyawa a ciki. Haladu sakataren ƙungiya, wanda Allah ya ba baki bai ba shi birki ba, shi ya raɗa masa Malam Fumfuna. Sunan ya bi shi har inda bai zata ba. Wani baƙo ya taɓa sauka a tasha ya faɗi sunan kawai, ɗan acaɓa ya kawo shi ƙofar gida ba tare da kwatance ba.

Wannan ne ya sa ya ƙera na'urar.

Ya aika Kano aka sayo masa 'yan kayan, ya yi mako uku yana kallon bidiyo a waya, ya ƙone yatsu biyu wajen liƙa wayoyi da darma. A ƙarshe ya sami wani abu da bai fi akwatin ashana biyu ba, mai batir, wanda ke auna zafi da danshi ya turo lambar cikin wayarsa ta ƙaramar na'urar intanet da ya rataya a taga. Da ya rasa gidan da zai saka shi, sai ya ɗauki gidan sabulun matarsa Sabuwa ya huhhuda da ƙusa mai zafi. Har ƙararrawa ya yi masa: in danshi ya kai saba'in, wayar za ta yi magana da muryarsa. Sau goma sha ɗaya ya naɗi muryar kafin ta fito irin ta masu karanta labarai a rediyo. Tun ran da lambar ta fara haukan nan ya kashe sautin, domin mutum ba ya son jin kansa yana yi wa kansa ihu.

Tsarin gaba ɗaya yana nan ya zana a bayan kwalin taliya. Wuri biyar: sito, ɗakin kaji, kicin, ɗakin Inna, da zaure. Kowanne da da'irarsa da kibiyarsa. Guda ɗaya ce dai ta tabbata zuwa yanzu, ta sito, ita ce kuma take neman tona masa asiri.

Da farko na'urar ya zarga. Shekaranjiya ya cire ta ya jefa a kwalba tare da jiƙaƙƙen gishiri ya toshe, kamar yadda ya gani a bidiyo. An ce in mai gaskiya ce za ta nuna saba'in da biyar. Ta nuna saba'in da biyar. Bai taɓa jin haushin mai gaskiya irin na ranar ba.

Ya hau ya duba kwano, babu yoyo. Ya ciji ƙwayar masara, ta ce ƙas, har haƙorinsa ya amsa. Amma da ya jera lambobin mako uku a takarda, sai ya ga abin mamaki. Danshin kan hau kwana uku, ya sauka, ya huta, ya sake hawa. Danshi mai ranar aiki da ranar hutu. Yau ma da safe ya bar shi a arba'in da ɗaya ya tafi wajen suna, ya dawo bayan azahar ya tarar da tamanin da huɗu.

Ya kira Sabuwa.

Ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Ya miƙa mata takardar, ya shiga bayani da yatsa kamar yadda yake yi wa manoma. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta tambaye shi ko yanzu za a iya dawo mata da gidan sabulunta.

“Sabuwa, wa ya shiga siton nan ɗazu?”

“Ba makulli yana aljihunka ba, Malam?”

“Yana nan.”

“To.”

Ya ce danshi ba ya buɗe kwaɗo. Ta ce ita ba ta yi karatun gona ba, amma ta ji ana cewa tsofaffin gidaje ba sa rasa mutanen ɓoye. Ya nuna mata dokin ƙofa, inda sawun silifa jiƙaƙƙe bai gama bushewa ba, ya ce bai taɓa jin aljani mai sa lamba shida ba. Ta kalli sawun, ta kalli ƙafarta, ta ja ƙafar baya kaɗan.

Ya buɗe kwaɗon ya shiga.

Gaskiyar magana, Malam Sada ya daɗe bai wuce layin farko na buhunan ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ne, hannu a baya, ya ƙirga, ya gyaɗa kai, ya rufe. Tsakanin buhuna da bango akwai ɗan lungu, amma tun da tumbi ya fito suka daina gaisawa da lungun. Yau ya ja numfashi ya matse ya kutsa, maɓallin riga ɗaya ya yi tsalle ya bar shi.

A can ƙurya ya tarar da tamfol. Ya san da tamfol ɗin, a zatonsa tsohon injin feshinsa ne a ƙasa. Ya ɗaga.

Kwanduna uku ne manya, an naɗe su da buhunan algarara da tsummoki, an danne da duwatsu. Ruwa na tsatsafowa ta ƙasansu yana bin siminti yana nufar buhunan masara. Ya ɗora tafin hannu, ya ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. A saman kwandon tsakiya kuma, an shimfiɗa ta da kyau, ga kwat ɗinsa ta ofis, wadda ya yi wata takwas yana zargin mai wanki a kanta.

Ya kai hannu zai yaye.

“Kada ka buɗe, Malam.”

Muryar Sabuwa ce daga bakin ƙofa, babu wasa a cikinta.

“Mene ne wannan?”

“Daddawa ce.”

Ya buɗe hanci ya ja iska iya ƙarfinsa. Bai ji komai ba. Shekara talatin da biyu na feshin maganin ƙwari sun sa hancin Malam Sada ya riga shi yin ritaya. Da ƙyar yake bambance turare da kananzir.

Nan take abubuwa suka fara haɗuwa a kansa. Ya daɗe yana mamakin yadda ake ɗora babbar tukunya a gidan, a ce masa wake ake dafawa, amma bai taɓa ganin waken a kwanonsa ba. Ya daɗe yana mamakin matan unguwa da ke shigowa da 'yan robobi su ce sun zo gaida Inna. Har alfahari ya taɓa yi a majalisa cewa babu tsohuwar da ake girmamawa a unguwar kamar mahaifiyarsa.

Ya fito daga lungun da baya, ya tsaya a tsakar gida yana haki. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da aka gama ginin siton. Ya tambaye ta makulli. Ta ce a kasuwa ake yanka shi, ba ya ɗaukar minti biyar. Ya tambaye ta wa da wa suka sani. Ta ɗan yi tunani, ta ce zai fi sauƙi ta faɗi wanda bai sani ba.

“Buhuna goma sha biyun bara fa?”

Ta sunkuyar da kai.

“Su ne na jikin kwandunan. Bana ai mun matsa da su kamu ɗaya.”

Kamu ɗaya. Shekara guda yana amsa sunan Fumfuna, yana zargin kwano, yana zargin mai sayar da buhu, har limamin unguwa ya sa ya yi masa addu'a, ashe tiririn dafaffiyar kalwa ake turara masa hatsi da shi duk mako.

Malam Sada ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya tashi yi sai ya yi shi kamar jawabi. Ya gyara tsayuwa. Ya ce an ci amanar kimiyya a gidansa. Ya ce an mai da shi abin dariya daga nan har Musawa. Ya ce yanzun nan zai kwashe kwandunan ya watsar a bola, kuma duk wanda ya ɗora su a wurin, ko wane ne shi, ko ɗan wane ne, yau zai san gidan nan yana da mai shi.

Sabuwa ta jira har ya sauke yatsa.

“Ba tawa ba ce, Malam. Ni ɗauko ruwa kawai nake yi.”

Aka yi gyaran murya a bayansa.

Bai buƙaci waiwaye ba. Gyaran muryar nan ya san shi tun kafin ya san sunansa.

Inna Hajo ce, mahaifiyarsa, tafe a hankali, sanda a hannu ɗaya, 'yar kujera a ɗaya. Ta wuce shi kamar an kafa turmi a wurin, ta ajiye kujerar daidai bakin ƙofar sito, ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Silifanta lamba shida ne, irin na surukarta.

Malam Sada ɗan fari ne. Shekararsa sittin da ɗaya, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Da can ta bakin ƙannensa take aiko masa da saƙo. Da ya yi aure aikin ya koma hannun Sabuwa, ko da kuwa su uku ne a kan tabarma ɗaya.

“Sabuwa, ki tambaye shi, wa ya rushe min ɗaki?”

Sabuwa ta juyo ta ce Inna na tambaya wa ya rushe mata ɗaki.

Ya ce ya ji. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya fara bayani cewa tsohon ɗakin ƙasa ne, ɓeraye sun cinye shi, shi ya sa ya rushe ya gina siton zamani a wurinsa. Ya tuna mata cewa ya roƙe ta ta huta da sana'ar nan, kada a ce ɗanta ma'aikaci ya kasa riƙe ta.

Inna ta ce a gaya masa ta huta kwana tara, ta ji kamar an binne ta da rai. A gaya masa a daidai wannan ƙuryar uwar mijinta ta rufe daddawa, ita ma a nan ta koya, wurin ya san daddawa, siminti bai sa ya manta ba. Ta gwada bayan kicin, ta gwada ƙarƙashin gadonta, duk ba ta kama ba. A kuma gaya masa da wannan warin da yake raina wa aka kai shi makarantar gonar da yake taƙama da ita.

Sabuwa ta buɗe baki za ta maimaita, ya ɗaga mata hannu.

Ya sassauta murya. Ya ce ba zubarwa zai yi ba, wannan maganar ɓacin rai ce. Alfarma ɗaya yake nema: a ɗauke kwandunan na awa uku kacal, a kai ɗakin Sabuwa, a goge wurin, baƙi su zo su tafi, a dawo da su.

Inna ta kalli Sabuwa kamar an ce mata a ɗaga rijiya a kai bayan gida.

“Ki gaya masa daddawar da aka rufe ba a motsa ta, ba a leƙa ta, sai ta kwana uku. In iska ta shiga, shi ke nan, sai dai a ba kaji, su ma sai sun ga dama.”

Ta ƙara da cewa wannan rufin ma ba na sayarwa ba ne. Na Najiba ne, 'yarsa, da ke da cikin fari wata tara. In yana so a kai wa mai jego miya salam, ya zo ya ɗage ta daga kujerar nan da hannunsa.

Malam Sada ya duba agogo. Ƙarfe uku saura.

Sai ya koma ga abin da ya fi iyawa, wato wayar da kan jama'a. Ya shiga ya kwanto gidan sabulun daga ƙusar da ya rataye shi, ya kawo gabanta. Ya nuna mata hudojin, ya nuna mata wayar. Ya ce wannan ɗan abin shi ya kama su. Duk inda aka ajiye shi yana jin zafin wurin da laimarsa, ya faɗa wa waya, ko mutum yana Kaduna zai gani, ba sai ya buɗe ƙofa ba. Ya ce in Alhaji Maiwada ya ga tamanin da huɗu, irin ƙungiya ya tafi siton wani, shi kuma sunan nan sai dai a binne shi da shi.

Ƙarshen maganar bai shiga kunnen Inna ba. Ta tsaya a tsakiya.

“Ki ce, ba sai an buɗe ba?”

Sabuwa ta ce ba sai an buɗe ba.

“Ko an lulluɓe shi da tsumma yana ji?”

Duk da halin da yake ciki, sai da ƙirjin Malam Sada ya ɗan taso. Wannan ne karo na farko da wani a gidan ya yi tambaya mai ma'ana a kan na'urarsa. Ya ce ko a tsakiyar buhu aka cusa shi zai faɗi gaskiya.

Inna ta daɗe tana kallon gidan sabulun. Ta ce shekara sittin tana rufe daddawa, kullum kwana ukun nan a zullumi take yin su, ba ta san ta kama ko ba ta kama ba sai ranar buɗewa. Daga nan ta ɗauko goro a bakin zane ta ɓantara.

Shi dai ya ɗauka ta fara tausaya masa.

Ya ja Sabuwa gefe, wajen turken akuya, ya tambaye ta mafita. Ta ce ita ba ta san kimiyya ba, amma a yadda ta fahimta, abin nan inda aka ajiye shi kawai yake sani. Ɗakinsa kuwa a bushe yake ƙamas, ko shanya ba a yi a ciki. Waya kuma ba ta rubuta cewa daga kan gado take magana.

Malam Sada ya ja da baya. Ya ce ta san da wa take magana kuwa? Shekara talatin da biyu bai taɓa rubuta rahoton ƙarya ba, ko a shekarar da fari ya cinye gero aka ce a rubuta an yi albarka. Ya ce mutunci ba a kan gado ake ajiye shi ba. Ya mayar da na'urar kan ƙusarta da hannunsa, ya tafi masallaci.

A sahu na biyu ya hango ƙeyar Haladu.

Da aka sallame ya dawo da sauri. A hanya ya yi wa kansa lissafi mai kyau. Irin ba zai iso ba sai nan da kwana goma. Kafin nan an buɗe daddawa, ya gina wa Inna ɗan ɗakinta a wani wuri, siton ya bushe. Ke nan abin da wayar za ta nuna yau ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da ta riga lokacinta zuwa.

Ya raɓa ta gefen Inna ya ciro gidan sabulun, ya miƙa wa Sabuwa yana kallon katanga.

“Ki ajiye min a kan gadona. Batirin nake so in duba anjima.”

“To, Malam. Batiri.”

Kafin ya gama shimfiɗa darduma a zaure, lambar ta fara sauka. Saba'in. Hamsin da biyu. Arba'in. Ta tsaya a talatin da ɗaya, kyakkyawa kamar amarya.

Aka yi sallama.

Alhaji Maiwada ne a gaba da babbar riga, Haladu a baya da littafin ƙungiya a hammata. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiyar kaka. Haladu ya ce, “Malam Fum... Malam Sada, ina wuni,” ya yi tari kamar abin ya sarƙe shi.

Alhaji na zama ya ɗaga hanci sama, ya shaƙa sau biyu, ya tambaya ko akwai masu daddawa a kusa. Malam Sada ya ce maƙwabta ne, mutanen kirki, sai dai ba su da tsari. Haladu ya kalle shi, ya kalli rufin zaure, ya cije leɓe.

Aka fito da kwalin taliya. Malam Sada ya bi da'irori biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya yi bayanin batir, ya yi bayanin gishiri a kwalba, ya nuna yatsun da suka ƙone a matsayin shaida. Ya ce in ƙungiya ta ga amfanin abin, kowane manomi zai iya haɗa irinsa a gida. Sannan ya miƙa wayar da hannu biyu.

“Talatin da ɗaya, Alhaji. Iri ba ya neman abin da ya fi haka.”

Alhaji ya riƙe wayar nesa da ido yana gyaɗa kai. Ya ce ikon Allah, yanzu daga nan zaune ana ganin cikin sito? To ko za a ɗan leƙa a ga wurin?

Malam Sada ya yi murmushin malamai. Ya ce ai wannan shi ne tsohon yayi. Duk buɗe ƙofa ɗaya iska ce ke shiga, amfanin na'urar ke nan, a bar hatsi ya huta. Don ya ƙara ɗaure maganar sai ya karɓi wayar ya kunna ƙararrawar a gabansu, ya ce ko barci yake yi, danshi na taɓa saba'in za ta tashe shi.

Alhaji ya ce to shi kam ya gamsu. Abin da ya faru bara ƙaddara ce, kowa da ranarsa. Ya ce Haladu ya rubuta, iri buhu sittin, siton Malam Sada.

Malam Sada ya gyara zama. Ya fara tsara yadda zai shiga majalisa gobe, da irin tafiyar da zai yi.

Haladu ya buɗe littafi, ya cire murfin biro da haƙori. Ya jawo wayar gabansa don ya kwafi lambar. Ya rubuta kwanan wata. Ya tsaya.

“Malam, lambar nan tafiya take yi?”

“Takan ɗan motsa. Ɗaya ko biyu.”

“Ai talatin da tara nake gani.”

Malam Sada ya leƙa. Arba'in da huɗu.

Ya ce iska ce. Hamsin. Ya ce wataƙila batir. Hamsin da bakwai. Zafin ma ya bi sahu, daga talatin ya haye talatin da takwas. Alhaji ya matso da kai, su uku suka yi wa wayar rumfa.

A hankali Malam Sada ya karkata ya ɗaga gefen labulen zaure.

Sabuwa na tsaye a tsakiyar gida, hannayenta biyu a buɗe, babu komai a ciki. Ta ɗaga kafaɗa. Kujerar bakin sito babu kowa a kai. Ƙofar a sakaye take, ga sanda an jingine, ga silifa lamba shida an cire an jera a dokin ƙofa.

Sittin da shida.

Ya kai hannu zai fizge wayar, Haladu ya ɗaga ta sama, wai yana neman haske.

Sittin da tara.

Sai muryar Malam Sada ta cika zauren, a natse, da ƙasaita, irin ta masu karanta labarai:

“Jama'a a kawo ɗauki. Hatsi na cikin haɗari. Jama'a a kawo ɗauki.”

Muryar ta maimaita, domin da hannunsa ya tsara ta maimaita sau goma.

Daga can cikin sito kuma wata muryar ta taso, ta tsohuwa, tar da ita, ta ratsa tsakar gida ta shigo har kan darduma.

“Sabuwa, na ɗauko ɗan abin nan daga kan gadonsa, na zura shi ƙarƙashin kwat ɗin. Ki tambaye shi nawa ta ce. Ta kama ko ba ta kama ba?”

Haladu ya mayar wa biro murfinsa.

Alhaji Maiwada ya tattara babbar rigarsa, ya miƙe, ya zura takalmi.

“Malam Sada, wuce gaba. Mu gaida Inna.”